Shekarar da Malam Ya Kira Gayya a Kwata

Shin da gangan babanku ya ƙi faɗa wa mutanen ƙauyensu cewa ba gona za a je ba, ko kuwa mantawa ya yi? Na yi masa tambayar nan ban san iyaka ba, a kan tabarma, a bakin murhu, har a gaban baƙi na taɓa yi masa don kunya ta sa ya amsa. Kullum sai ya yi dariyar nan tasa wadda kafaɗu kawai ke motsi, ya ce, "Asabe, kunun nan ya ji citta." Yau ga shi ya tafi inda ba a aika tambaya, ya bar ni da ita a baki. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Auta, rubuta, daina kallona. Hawayen nan sun saba zuwa, za su tafi da kansu.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata surorin salla. Shi ya sa na zaunar da autarku da biro da takarda, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini ko kalma ɗaya don ta yi kyau. Abin da ya tashe ni shi ne maganar da na ji yayanku, ɗana na fari wanda ba na kama sunansa, yana faɗa wa 'ya'yansa ranar da suka zo gaishe ni. Ya nuna musu hoton nan da ke rataye a zaure, babanku sanye da rigar ƙungiya mai sheƙi, ya ce kakansu shugaba ne, shi ke ba da umarni ana share gari, kakarsu kuma ita ta tsaya masa tun ranar farko. Sannan ya juyo ya ce da ni bana kada in wahalar da kaina da zancen gayya, zai turo lebura su yashe kwatar. Na yi shiru don jikoki na wurin. Amma abin ba haka yake ba. Babanku ba umarni ya bayar ba, shiga ya yi har gwiwa. Ni kuwa ban tsaya masa ba, rantsuwa ma na yi a kan ba zan tsaya ba.

Babanku tela ne, kun sani. Har a ƙauyensu can bayan Baure Tela suke kiransa, sun manta sunan yanka. Ni kuma kunun zaƙi da zoɓo nake yi, in ƙulla a leda, a zo har gida a saya, wani a sara a kai bakin tasha. Kwatar da ta bi ta ƙofar gidanmu ta gangara kwalbatin bakin titi, lokacin da aka kawo ni gidan nan ruwa ne ke gudu a cikinta. Sai leda ta zo gari. A hankali kwata ta cika ta zama tudu, kaji na kiwo a kanta, har ciyawa ta fito. Daminar da ta gabaci shekarar da nake ba ku labari, aka yi wani ruwa da hantsi, ya rasa hanya ya shigo mana zaure. Ya jiƙa yadin mutane, ya taɓa ƙafar keken ɗinki, ya ci gindin katangar gabas har ta tsage. Babanku ya tsaya cikin ruwan riƙe da shaddar wani ango a saman kansa, yana kallon takalminsa na yawo. Daga ranar nan ya fara zancen kwata, a masallaci, a majalisa, a wurin mai unguwa. Kowa ya ce gaskiya ne, kowa ya ce ya kamata a yi. Wannan ya ce aikin hukuma ne, wancan ya ce daga saman layi dattin ke zuwa, na saman layi suka ce na ƙasa ne suka toshe. Har aka yi girbi, har rani ya wuce bazara ta kama, ba wanda ya ɗaga ko tsinke.

Wata safiya na nemi tsintsiyar kwakwata na rasa. Na leƙa zaure, sai na hango shi a waje, namiji da furfura a gemu, ya duƙa yana share bakin kwata da tsintsiyar mata, masu wucewa na rage tafiya suna kallo. Na jira har ya shigo.

"Malam, me na yi maka da za ka tona mini asiri? So kake a ce matarka ta kasa shara?"

"Ba tsakar gida na share ba, Asabe, waje ne. Waje kuwa mu maza mu muka bar shi haka."

"To ka nemo masu yi mana."

"Na nemo. Na aika gida, ranar Asabar ina gayya."

Ku da kuka tashi a birni ba lalle ku san nauyin kalmar nan ba. A ƙauyensu idan aikin gona ya fi ƙarfin mutum, sai ya kira gayya. 'Yan'uwa da maƙwabta su zo da kayan aikinsu, ba lada ba sallama, mai gayya ya ciyar ya shayar. Akwai abu biyu da kowa ya sani a can. Wanda ya sha ko da maƙurwa ɗaya na abin shan gayya, ba ya juyawa sai an gama aiki. Wanda kuma ya kira gayya aka zo aka watse masa, sunan nan na bin sa har kabari. Akwai wani tsoho da na tarar a ƙauyen ina amarya wanda aka taɓa watse wa gayya, ko a wurin suna ya yi magana sai wani ya tuna masa. Ni na san mutanen nan ba za su taɓa shiga kwatar birni ba, na kuma ɗauka ya faɗa musu, za su yi zamansu a gida, abin ya wuce a ɓoye. Don haka na ce masa:

"Wallahi tukunyata ba za ta hau murhu don kwata ba."

Ya ce, "To. Allah ya kai mu Asabar."

Abin da ban sani ba shi ne saƙon da ya ba direban motar kasuwa. Cewa ya yi a faɗa wa Yaya Dauda, wansa, Tela na gayyar shara ranar Asabar. Shara kawai. To ku duba, a bazara in ka ce wa manomi shara, abu ɗaya yake ji a duniya: sharar gona, a tattara kara da ƙaya a ƙone kafin ruwa ya sauka. Saƙo na isa, ƙauye ya ɗauka, Tela ya sayi gona! Bayan shekara da shekaru yana taka keke a birni, Allah ya dawo masa da hankalinsa.

Ranar Asabar rana ta ɗan ɗago, na gama ƙulla kunun sayarwa na cika babbar roba, ga zoɓo a wata, sai na ji ganga. Na ce ko biki ake a bayan layi. Ganga ta yi ta matsowa har ta tsaya a ƙofar gidanmu. Na leƙa ta tsagin ƙyauren zaure. Ga a-kori-kura cike da maza, ga babura uku a bayanta, kowa da manjagara, da fartanya, wasu da gatari don tuge kututture. Yaya Dauda a gaban mota da rawaninsa, Sale ƙanin babanku a tsaye a baya yana ɗaga manjagara sama, ga Tanko makaɗin noma da gangarsa a kafaɗa, shi ba a ma gayyace shi ba, murna ce ta kawo shi. Babanku ya fito suka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka tambayi zafi. Sai Yaya ya ce:

"To Tela, kada rana ta yi mana. Ta wace hanya gonar take, ta Zango ko ta Dutsi?"

"Ba nisa, Yaya. Ku biyo ni."

Ya yi taku bai fi goma ba, ya tsaya a bakin kwata, ya nuna da hannu. "Ga ta."

Ganga ta yi shiru. Ban taɓa jin layinmu ya yi tsit irin na ranar nan ba, har kukan kaza ana ji daga gidan liman. Sale ne ya fara, dariya ta ƙwace masa ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe ciki. Yaya bai yi dariya ba.

"Tela, ni ka taso? Na bar sharar gonata, na tara maka dattawa, don mu kwashe ƙazantar birni?"

"Ai shara na ce, Yaya. Ban ce gona ba."

"Ba ka kuma ce kwata ba!"

Kafin nan maƙwabta sun fito, kowa ya tsaya a ƙofar gidansa ya harɗe hannu. Su ne fa mutanen da suka yi shekara suna cewa ya kamata a yi. Mata na leƙe ta kan katanga. Yaya ya juya ya ce wa mutanensa su hau mota. Babanku bai roƙe shi ba. Ya cire hularsa ya rataya a ƙusar bango, ya naɗe wando, ya ɗauki shebur ɗin da ya aro, ya taka cikin kwatar nan shi kaɗai. Saman ya bushe amma ƙasan taɓo ne, ya nutse har gwiwa. Wani a majalisar tsallake ya yi dariya, na ji ta, na kuma san mai ita, amma ya rasu, ba zan faɗa ba.

Ni abin da na gani ta tsagin nan ƙwaurinsa ne. Sirara, kamar na yaro, ƙwaurin mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan keken ɗinki. Ya ɗebo shebur ɗaya da ƙyar ya zubar a gefe, ya koma ya ɗebo na biyu, mutanen ƙauyensa na hawa mota a bayansa. Na tuna tsohon nan da aka watse wa gayya. Na ce yau in motar nan ta tashi, mijina ya zama shi, a ƙauye da birni gaba ɗaya. Auta, dakata kaɗan. Ba ni ruwan nan. To, ci gaba.

Ban san lokacin da na ja mayafi ba. Na ɗora robar kunun sayarwa a kai, na fita gaban maza sama da ashirin, ni da ko gaisuwa ta bayan labule nake yi musu. Na je daidai ƙofar mota na sauke, na durƙusa.

"Yaya, sannu da hanya. Ya mutanen gida? Ya Gwaggo da ƙafa?"

Ya amsa a daƙile, amma dole ya amsa.

"Yaya, ko za a koma, ba a bar gidan ƙani da ƙishi ba. Zafin nan ya yi yawa."

Na miƙa masa ƙulli ɗaya da hannu biyu. Kunun ya kwana a randa, da sanyinsa. Mutum ya taso tun asuba a cikin ƙura, ga ɓacin rai ya busar masa da maƙogwaro. Ya karɓa, ya fasa da haƙori, ya zuƙa, yana ci gaba da faɗa wa na kusa da shi irin rashin hankalin Tela. Sai da ya kai rabi ya tsaya. Ya dubi ledar, ya dube ni. Sale ya yi tsalle daga ƙasa.

"Ya sha! Jama'a ku shaida, Yaya ya sha na gayya! Matarmu, ashe haka kike? Miƙo nawa, ni dai an riga an kama babba!"

Tanko ya saki ganga. Hannuwa suka yi ta shiga roba, har aka fito da ta zoɓo ma. Yaya ya dube ni, ban san ko faɗa zai yi ba. Sai ya ce:

"Asabe, kin ɗaure ni da igiyar gidanmu. Tashi, Allah ya shirye ki." Ya warware rawaninsa ya miƙa wa direba, ya ɗaga murya. "Tela, fito daga nan, kana riƙe shebur kamar almakashi! Ku ba ni manjagara!"

Ranar nan ban ga irinta ba, ko a biki. Manoma suka jeru a kwata kamar yadda suke jeruwa a kunya, masu fartanya na sara, masu manjagara na ja, Tanko na bin su a baya yana yi wa kowa kirari da sunan kakansa. Da ya gama da na ƙauye sai ya tambayi Sale sunayen masu tsayuwa a ƙofar gida, ya koma kansu. Ya je gaban Alhajin da ke da shagon buhuna, ya yi ta wasa shi, mai layi, mai ƙofa mai faɗi, wanda kwata ke wucewa ta gabansa tana gaisuwa. Alhaji ya ba shi kyauta don ya tafi, Tanko ya karɓa ya ƙara matsowa. Da Alhaji ya ga ba mafita, ya tuɓe babbar riga ya ce a ɗauko baro biyu daga shago. Daga nan kowa ya shigo. Liman ma ya riƙe bakin buhu. Mata suka aiko da tsintsiya ta kan katanga, wasu da ruwa, wata tsohuwa da ƙosai. Can na ji Yaya yana kiran mutanensa, ya ɗebo baƙar ƙasar ƙasan kwata a hannu yana murzawa.

"Kai, ku tsince ledar nan gefe guda! Wannan ai taki ne! Mutanen birni na kwana a kan taki suna kukan wari!"

Ya ce leda ita ce annoba, ita ta kashe masa tunkiya bara, da aka feɗe aka tarar da ita dunƙule a ciki, ita ce kuma ke hana shuka fita in ta bi takin bola zuwa gona. Aka ware leda tudu guda, baƙar ƙasa aka loda a a-kori-kura. Yaya ya ce to yanzu ya yarda aikin gona ya zo, don duk inda aka ɗebi taki gona ce. Kafin azahar an kai kwalbati. Babanku ya ɗebo bokitin ruwa ya je saman layi ya zuba, layi gaba ɗaya muka bi ruwan nan da ƙafa, manya da furfura, muna kallon yadda yake gudu, har ya shige ƙarƙashin titi. Aka ɗauki kabbara. Wata ta rangaɗa guɗa ta bayan katanga. Na waiga na ga babanku, taɓo har ƙugu, kafaɗunsa na motsi.

Nan ne labarin da ake ba ku yake tsayawa. Saura nawa, wanda ba a faɗa. Bayan an yi salla baƙi sun tafi, na fita ɗaukar robobina. Sai na ga kwatar da aka gama yashewa, ga fararen ledoji a kwance a cikinta, sababbi, tun daga ƙofarmu har gidan liman. Ledar kununa ce da zoɓona. Kowa ya sha ya yar, kamar yadda hannu ya saba, har waɗanda suka yi aikin. Babanku na bin su yana tsinta ɗaya ɗaya. Ya shigo ya zube su a gabana, ya ɗauko wasu tsofaffi baƙaƙe daga tudun da aka ware ya ajiye kusa da su. Kun san ƙullina, sau biyu nake zagayawa in bar kunne a gefe don a ji daɗin riƙewa, ba mai yin irinsa a unguwar. Tsofaffin nan duk da kunnensu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ruwa ya shigo zaure. Su ne suka toshe bakin ƙofarmu."

"Shekara guda, Malam, ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, da kin ce sana'arki nake zagi. Yanzu ke kika gani." Ya zauna yana wanke ƙafa. "Af, rantsuwarki ma ba ta karye ba. Don sayarwa tukunyar ta hau murhu, ba don kwata ba. Na tambayi liman."

Na jefe shi da ludayi. Amma washegari ban ƙulla leda ba, ban kuma sake ƙullawa ba har yau. Na ce mai son kununa ya zo da kofinsa ko gorarsa, ko ya tsaya ya sha a nawa ya ba ni abina. Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Masu sara su kai tasha suka daina zuwa, don ba a yawo da kofi a tasha. Masu aiken yara suka koma gidan da ake ƙullawa. Sana'ar da na riƙe tun kafin a haifi Auta ta zube rabi cikin mako guda. Sau nawa kunu ya yi tsami na juye wa awaki ina kuka, ina cewa shi ya ja mini, shi da kwatarsa. Ba ya musu. Sai ya tattara ƙyallayen da suka rage a ɗinki ya yi ta haɗa 'yan jakunkuna, kowace kala da kala, ya rataya a zaure, duk macen da ta aiko sayen kunu a kofi ya ba ta ɗaya ta zuwa cefane. Wasu masu sayen sun dawo, don ba wanda ya iya sa citta kamar ni, wannan ba yabon kai ba ne. Wasu har yau ba su dawo ba. Na yi asara, ku rubuta haka, ban kuma yi nadama ba. Damina ta sauka a shekarar nan da ƙarfi, muka zauna a zaure ni da shi muna kallon ruwa na wucewa ta ƙofarmu bai ko leƙo ba.

Ƙungiyar daga nan ta tashi, ba wanda ya zauna ya shirya ta. Alhaji mai buhuna ya yanka durom biyu aka ajiye a bakin layi don zuba shara. Maza suka ɗauki Asabar ɗin ƙarshen wata, mu mata muka ɗauki lunguna da bakin rijiya. Wata unguwa ta ji ta aiko a zo a nuna musu, wata ma ta aiko. Masu ilimin cikinmu suka yi takardu, suka sa mata wani dogon suna, suka riƙa shiga makarantu suna yi wa ɗalibai bayani, suna bin masu shayi da masu nama da kwandon shara. Amma a bakin mutane Gayyar Asabar ce, masu tsokana kuma su ce Gayyar Asabe. Kowace bazara mutanen ƙauye na zuwa babbar gayya, da Tanko, har da amalanke don taki, kuma ba wanda ke sa fartanya a kwata sai na durƙusa na miƙa wa Yaya kofi ya sha ya ce an ɗaure shi. Rigar nan mai sheƙi da ke hoto, sau ɗaya babanku ya sa ta, ya ce tana sa shi gumi. Da mai hoton ya sauko da na'urarsa ƙasa kaɗan, da kun ga ƙafafunsa baƙi ƙirin da taɓo.

Kai kuma ɗana na fari, na san abin da ya same ka ranar gayyar farko. Kana sabon shiga kasuwa, aka yi ta kiranka ɗan mai kwata, ka ƙi dawowa cin abinci. Ban ga laifinka ba, ni ma da na haife ka ɓuya na yi a bayan ƙyaure. Amma kada ka wanke wa ubanka ƙafa a gaban 'ya'yanka, shi bai ji kunyar taɓon nan ba. Lebura za su yashe kwata, gaskiya ne, su tafi, a sake cika ta, don wanda bai shiga ba ba ya jin ciwon yar da leda. Bara ina takaba ban kira kowa ba, 'yan ƙungiya suka yi iya yinsu ba ganga ba kunu. Bana na riga na aika wa Sale, tunda Yaya ya tsufa sai dai a zaunar da shi a inuwa ya sha nasa. Kwatarmu kuwa lafiyarta lau, ba ta buƙatar mutum ashirin. Amma ranar sunan 'yarka na ga wadda ta bi ta ƙofar sabon gidanka, har kaji na kiwo a kanta. Kofuna dai na wanke su, akwai naka a ciki.

Ciwon babanku bai daɗe ba, kwana tara ne, a irin wannan lokaci na bazara. Ranar ƙarshe da hantsi ya ce in buɗe masa taga. Hadari ya ɗan taso ta gabas, irin wanda ke zuwa ya watse, iska na kawo ƙanshin ƙasa daga wani wuri da aka yi ruwa. Na zauna a bakin gado ina yi masa fifita. Na ga ya ɗan samu sauƙi, sai na ce bari in gwada sa'ata.

"Malam, tsakaninka da Allah, saƙon nan da ka ba direba, da gangan ne ko mantuwa?"

Kafaɗun nan suka motsa, sun rame amma suka motsa, har tari ya sarƙe shi na ba shi ruwa. Ya daɗe yana kallon hadarin. Daga baya liman ya shigo, ya yi ta maimaita masa kalmar shahada yana bi, da ita ya cika, alhamdu lillahi. Amma ni, matarsa, abin da ya faɗa mini na ƙarshe kafin nan, ko amsar tambayata ce, ko tsokanar da ya saba ce, na juya shi shekara guda ban gane ba, ku sai ku yanke. Ya kamo bakin mayafina, ya ce:

"Ruwa ya kusa, Asabe. Ki aika gida. Ki ce musu shara ce kawai, kada ki ƙara komai."